Za a yi wa Baba tiyatar hannu: mu yarda a ƙara dexamethasone a allurar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubutowa daga Aboabo a Kumasi. Mahaifinmu ya faɗo daga pragya, wato babur mai ƙafa uku, ya karye a wuyan hannu, za a sa masa ƙarfe. Likitan da ke sa barci ya ce ba sai an sa shi barci gaba ɗaya ba, za a kashe hannun ne kawai da allura, kuma za a haɗa da dexamethasone don zafin ya jinkirta dawowa. Baba yana da ciwon suga, ni kuma na san wannan maganin wasu mata ke sha don su yi ƙiba. Mu yarda?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya.

Ku yarda, muddin likitan ya san da ciwon sugan. Allurar da yake nufi ana yin ta ne a hammata ko a gindin wuya, kusa da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga hannu zuwa ƙwaƙwalwa. Maganin da ake zubawa, irin su bupivacaine, yakan riƙe hannun kamar awa 12. In an yi aikin da hantsi, ke nan tsakar dare zai saki, lokacin da kowa ya gaji, kuma zafin da ke biyo baya kan zo da ƙarfi a lokaci guda. Wannan daren ake so a sauƙaƙa masa. Wani nazari na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, a shekarar 2017 ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya gano cewa ƙara dexamethasone yana tsawaita aikin allurar da wajen awa 6, ko an zuba shi kusa da jijiyar ko an bi da shi ta jini. Yana kuma rage tashin zuciya da amai bayan tiyata. Likitoci da yawa sun fi son bi ta jini, domin ba a yi wa maganin rajista don zubawa a jikin jijiya ba. Ki tambaye shi wacce hanya zai bi, haƙƙinku ne.

Maganar suga gaskiya ce, ba zan raina ta ba. Ko allura ɗaya ta miligiram 4 zuwa 8 tana ɗaga suga na yini ɗaya zuwa biyu. Ku je da katin asibitinsa da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya, ku nemi a riƙa auna shi bayan aikin. In sugan nasa dama ba ya zaune, likita zai iya rage adadin ko ya bar shi. Game da tsoron da ake yi cewa maganin zai iya jawo ruɓewar rauni, wani babban gwaji mai suna PADDI da aka wallafa a 2021, wanda ya haɗa da masu ciwon suga, ya nuna miligiram 8 sau ɗaya bai ƙara hatsarin ba.

Abin da kika gani a jikin masu sha don ƙiba, wato kumburin fuska da hawan jini da raunin ƙashi, sakamakon sha ne kullum na makonni da watanni. Allura ɗaya a ɗakin tiyata ba ta kai nan. Amma don Allah kada wani a gida ya ji an ce yana rage zafi ya je kemis ya sayo wa Baba ƙwayoyin bayan an sallame shi. Wannan kam zai hargitsa sugansa, ya kuma jinkirta warkewar ƙashin. In an rubuto muku shi ku sayo don tiyatar, ku saya a famasi mai lasisi, ku duba ranar ƙarewarsa, ku kuma fara tambaya ko katinsa na inshorar lafiya (NHIS) ya ɗauke kuɗin.

Muddin hannun yana mace, Baba ba zai ji ƙuna ko dannewa ba. A rataye shi da majanyi, a nisanta shi da kurfoti da ruwan zafi, kada ya kwanta a kansa. Ya fara shan maganin zafin da aka rubuta masa a kan lokaci tun kafin hannun ya farka sarai. In yatsun suka kumbura sosai, ko suka sauya launi, ko aka wuce kwana biyu hannun bai dawo ba, ku koma asibiti a ranar.