Takalmin Yuro 150 saboda hawan minti 20? Amsoshin masu shirin zuwa tafkin Bled

Tambaya: Salam Yaya. Ni ɗalibi ne a Italiya, hutun nan muna so mu leƙa tafkin Bled na ƙasar Sloveniya ni da madam. Hoton nan da ake ɗauka daga sama, tsibiri a tsakiyar ruwa da coci a kai, an ce min sai an hau dutse. Na shiga shago na ga but na hawan dutse Yuro 150, ga sanduna ga jakar goyo, kuɗin ya kusa cinye na tafiyar. Dole ne sai na saya?

Amsa: Wa alaikumussalam ƙanena. Mayar da katinka aljihu tukuna. Wurin da ake ɗaukar hoton nan sunansa Ojstrica, tsayinsa mita 611, shi kuma tafkin kansa yana wajen mita 475 ne, ka ga abin da za ka hau bai kai mita 150 ba, minti 20 zuwa 30 ka isa in ba ka tsaya hira ba. But mai kama idon sawu an yi shi ne don mai kwana a daji da kaya a baya, kuma in sabo ne dal ka saka shi ranar tafiya to kai da kanta da ƙuje, dunduniya za ta gaya maka.

Amma fa kada ka ji na ce minti 20 ka ɗauko silifas ko kambas ɗin nan mai sulɓin ƙasa da ake zuwa lakca da shi. Hanyar a cikin kurmi take, ga saiwoyin bishiya sun fito waje, ga tsakuwa mai gangarawa, ga duwatsun da ƙafafun mutane suka goge har suna sheƙi, in an yi ruwa jiya kuwa sai a hankali. Kuma hawan ba shi ne matsalar ba, haki kawai za ka yi, saukowar ce take kayar da mutane, lokacin gwiwa ta gaji hankali kuma ya koma kan waya ana duba hotuna. Don haka juya takalmin da kake da shi ka kalli ƙasansa, in haƙoran suna nan da zurfi ya wadatar. In sun cinye, ka je shagon kayan wasanni irin su Decathlon ka nemi mara tsayi mai kaushin ƙasa, ka gwada shi da safa mai kauri, ka tabbata babban yatsa ba ya dungurar gaba, don a gangara ƙafa gaba take zamewa. Ita ma madam haka. Sanduna ka bar musu abinsu, jaka kuma wadda kake zuwa makaranta da ita ta isa ɗaukar ruwa. Canjin ku shiga kwalekwalen da suke kira pletna ku je tsibirin, can ma akwai matakala 99 tana jiranku.

Tunda daga Italiya za ku taso, duba jirgin ƙasa daga Nova Gorica, yana tsayawa a tashar Bled Jezero, ita ce ta ɓangaren yamma kusa da bakin ruwan da ake kira Velika Zaka inda hanyar hawa Ojstrica take farawa. Tashar Lesce-Bled tana da ɗan nisa da tafkin, sai kun ƙara da bas.

Tambaya: Yaya barka da aiki. Za mu je da Hajiyarmu, tana fama da ciwon gwiwa amma ta ce ita fa sai ta hau. Ojstrica ko Mala Osojnica, wanne za mu zaɓa? Sannan ni abaya nake sawa.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, amma Mala Osojnica, wato dutsen da ke kusa da Ojstrica, ki cire ta a lissafi in da ita za a je. Mita 685 ce, wajen minti 45, kuma kusa da sama akwai matakalar ƙarfe a miƙe tsaye kamar tsanin gyaran rufi, matashi ma sai ya riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu. Eh, daga can an fi ganin tafkin gaba ɗaya, ni ma na fi son ta, sai dai ba da gwiwar Hajiya ba. Ojstrica ɗin ma ƙarshenta duwatsu ne, sai an ɗan dafa. In ta dage, to ita ce wadda sanda za ta yi wa amfani, guda biyu masu zugewa, a ƙara musu tsayi wajen saukowa, kuma a zaɓi ranar da ƙasa ta bushe. In da son samu ne ki lallaɓa ta ku kai ta fadar da ke kan dutse a ɗaya gefen, mota tana kaiwa kusa da ƙofa, tana wajen mita 130 sama da ruwan, tsibirin ma ana hango shi tsaf, tikiti kawai za ku biya. Ki ce mata tun shekarar 1011 ake ambaton fadar a rubuce, dattawa suna son irin wannan.

Abaya mai jan ƙasa ita ce za ta harɗe ki, wajen hawa ki taka gabanta, wajen sauka na bayanki ya taka miki. Sa wando dogo da riga iya gwiwa ko ƙasa kaɗan, hijabi kuma wanda ba zai hana ki ganin inda kike taka ƙafa ba. Wandon ma yana da wani amfanin, dazukan Sloveniya akwai kaska mai sa cuta, ki sayi maganin fesawa a kemis, in kun dawo masauki kowa ya duba jikinsa.

Tambaya: Malam, ina so na hau bayan asuba na kama fitowar rana, fitilar waya ta isa?

Amsa: Ba ta isa ba, hannunka biyu kake buƙata. Sayi tocilan ta ɗaurawa a goshi, mai araha ma ta yi, ka ɗauki rigar sanyi ko da bazararsu ce. Ojstrica gabas take kallo, da bazara rana ta bayan tsaunukan Karavanke take ɓullowa, hoton tafki zai yi kyau amma fuskarka baƙi ƙirin za ta fito, in hoton kanka kake so ka hau bayan la'asar.