Amsar tambayarka kan tako na gidan Alhaji

Toh yarona, na ga saƙonka tun da asuba, ban amsa ba ne don ina so in zauna in rubuta maka a natse. Ka ce an ba ka aikin tako, abincin Meziko nan da ake naɗe nama da kayan lambu a cikin fefen masara, ranar Asabar, gida ɗaya mutum shida, Alhaji na fama da ciwon suga, babbar 'yarsa likita ya hana ta alkama kwata-kwata saboda cutar siliyak, saurayin gidan ya daina cin nama, auta kuma gyaɗa ce ba ta shiri da jikinsa, kana tambayata wai tukunya huɗu za ka ɗora ko yaya. A'a, girki ɗaya za ka yi. Ai shi tako daɗinsa kenan, ba a kicin ake haɗa shi ba, a kan tebur ake haɗawa, kai naka ka kawo komai a kwanonsa daban, kowa ya naɗa nasa da hannunsa.

Amma kafin ka kunna wuta ka san cewa buƙatun nan ba nauyinsu ɗaya ba. Na auta shi ne gaba da komai don wannan maganar rai ce, sai na yarinyar, sannan sauran. Ni na taɓa gani da idona a wani gida da na yi aiki shekarun baya, cokali ɗaya ne aka tsoma a yajin tsire aka mayar cikin miya, kafin a gama cin abinci leɓen yaro ya kumbura numfashi na neman gagara, sai asibiti cikin dare. Allah Ya kiyaye ya tashi, amma wlh har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Na san ka da son barbaɗa yajin tsire a nama, to wannan karon ko kusa da jakarka kada ya zo, ƙuli-ƙuli ne a cikinsa. Man gyaɗa ma ka ajiye shi, ka ɗau wani man da ka karanta jikin robarsa da kanka. Kuma in ka shiga intanet ka ga wata miyar barkono ta Meziko da suke kira salsa macha, ko irin miyarsu mole, ka tsallake, yawanci da gyaɗa ake yin su.

Yanzu totiya, wato fefen da ake naɗe kayan a ciki, nan ne aikin yake. Iri biyu ce, ta masara wadda ita ce ta asali, da ta fulawa da aka fi ci a arewacin Meziko wajen su Sonora. Kai ka manta da ta fulawa gaba ɗaya, kowa ya ci ta masara. Kada ka ce bari in yi wa yarinyar nata daban sauran in yi musu na fulawa, garin fulawa tashi yake yi a iska ya sauka kan komai, kuma mai siliyak ɗan ƙanƙanin abu ya isa ya taɓa mata hanji ko da ba ta ji komai a ranar ba. Ga kuma wani dalilin, ta fulawa a can asalinta sau da yawa da kitsen alade ake murza ta, haka ma dakakken wakensu na gwangwani, don haka duk abin da ka gani an rubuta lard ko manteca a jiki ka mayar kan kanta.

Kada kuma ka yaudari kanka da garin tuwon masara, ba zai kama ba, fashewa zai yi a hannunka. Su mutanen can tun shekaru dubbai da suka wuce dafa masarar suke yi da farar ƙasa ta abinci, wato calcium hydroxide da suke kira cal, ko ruwan toka, ta kwana a jiƙe, a wanke a niƙa da danshinta, wannan ne ke sa ƙullin ya yi danƙo ya kuma ba shi ƙamshin nan nasa, har sinadarin niyasin da ke ɗaure cikin masarar yake sakewa jiki ya amfana. In ka samu garin da aka riga aka yi wa haka, masa harina ake ce masa, irin su Maseca, ka huta. Kofi 2 na gari, ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabi, gishiri kaɗan, ka murza ka rufe da tsumma mai danshi minti 20, ka cura kamar girman ƙwan zabo, ka sa tsakanin leda biyu ka danne da gindin tukunya. In gefen ya tsattsage ruwa ya yi kaɗan, in ya manne a leda ya yi yawa. Kasko ya yi zafi sosai ba mai ko ɗigo, daƙiƙa 30 ka juya, minti ɗaya ka sake juyawa, in ka ga ta kumbura to ka yi daidai, ka jera su cikin tawul su ci gaba da laushi. In ba ka samu garin ba ka kira ni mu dafa masarar tare ran Juma'a, giram 10 na farar ƙasar ga kilo ɗaya, kuma ta abinci nake nufi ba ta magina ba. Sai dai fa ba za mu kai injin markaɗen unguwa ba, wannan injin da safe ya niƙa gyaɗa da rana ya niƙa alkama, a gida za mu yi da injinmu wankakke ko da zai ɗauke mu lokaci.

Nama iri ɗaya ya isa, ka ɗau cinyar kaza ko naman sa daga mahaucin da ka yarda da yankansa. Ka haɗa kayan ƙamshinka da kanka, garin busasshen tattasai, kumin, tafarnuwa, albasa, lemun tsami, gishiri. Irin na fakitin nan da ake sayarwa wasu akwai fulawa a ciki, dunƙule ma ka karanta takardarsa kafin ka murmusa, in ba ka gane rubutun ba ka bar shi. Kaza sai cikinta ya kai digiri 74, ka yi amfani da ma'aunin nan da na ba ka. Kaga tako ɗin da ya fi suna a birnin Meziko, al pastor, asalinsa shawarma ce, 'yan Labanon da suka yi ƙaura zuwa Puebla ne suka je da gashin nan na tsaye da naman rago, daga baya mutanen gari suka mayar da shi na alade suka ƙara abarba. To in ka gasa kazarka da jan barkono ka yanka abarba ƙanana a gefe ka kawo musu wannan ɗanɗanon ba tare da an taɓa haram ba.

Shi kuma saurayin nan dan Allah kada ka tura masa kabeji da tumatir kawai ka ce ka sallame shi, wannan abin yana ɓata min rai in na ga masu girki suna yi. Ka dafa wake ya yi luguf da albasa da tafarnuwa, da ruwa zalla ba romon nama ba, ka soya shi ka daddanna, sannan ka gasa tattasai da albasa har gefensu ya ɗan ƙone. Kaskonsa daban cokalinsa daban, kuma ka fara yin nasa kafin nama ya hau wuta. Ka yi da yawa, za ka ga masu cin naman ma sun kai hannu. Ka tambayi Hajiya ko yana cin cuku da madara, don marasa cin naman ma kala-kala ne.

Alhaji nasa mai sauƙi ne, ka yi totiyar ƙanana, ka ajiye manyan ganyen latas a wanke kusa da shi in ya ci biyu yana son ƙari ya naɗe da ganye, nama da wake da fiya su wadata a gabansa, kada ka sa suga a komai, abarba kuma tana kwanonta in ya ga dama ya bari. Adadin da zai ci tsakaninsa da likitansa ne, kai ba ruwanka da yi masa lissafi a gaban iyalinsa.

Sauran na kan tebur ka san su, tumatir da albasa da attarugu da ganyen koriyanda a yanka ƙanana a matse lemun tsami, fiya a dama ta da gishiri da lemun tsami dab da za a ci don kada ta yi baƙi, kabeji yankan siriri. Kowane kwano da cokalinsa, ka gaya wa Hajiya a gefe kada a riƙa musanyawa, musamman tsakanin nama da wake. Ba sai ka tsaya kana nuna wannan na mai ciwo ne wancan na wane ne ba, tunda babu gyaɗa babu alkama a tebur ɗin gaba ɗaya, yarinyar da auta za su miƙa hannu duk inda suka so kamar kowa, kuma ka lura da fuskar uwarsu a lokacin.

Ka kira Hajiya yau ba gobe ba, ka tambaye ta ko bayan gyaɗa akwai wani abin da ke taɓa auta, riɗi ko ƙwai ko madara, ka rubuta a takarda ka turo min hotonta kafin ka shiga kasuwa.