Maganin likita ya tsuke wa kyanwata hanyar abinci: zan iya neman diyya?

Tambaya: Barista, likitan dabbobi ya rubuta wa kyanwata ƙwayar doxycycline saboda mura, ni kuma ina ɗura mata ita haka nan busasshiya. Kafin mako biyu ta fara dawo da duk abin da ta ci, tana dalalar da miyau. Wani likitan ya zura mata kyamara, ya ce hanyar abincinta ta tsuke. Zan iya kai na farkon ƙara?

Amsa: Malama, sannu da jinya, Allah ya ba ta lafiya. Za ki iya, amma ba a kan rubuta maganin ba. Doxycycline magani ne da likitocin dabbobi ke ba kyanwa yau da gobe, kuma da wuya kotu ta kira zaɓensa sakaci. Inda maganarki take da ƙarfi shi ne: ya gaya miki yadda za ki ba ta, ko bai gaya miki ba?

An daɗe da sanin cewa ƙwayar doxycycline da kafson clindamycin, idan aka haɗiye su ba ruwa, sukan maƙale wa kyanwa tsakanin maƙogwaro da ciki. Nan maganin ke narkewa ya ƙone wurin, gyambon ya warke da tabo, tabon ya tsuke hanya. Shi ya sa ake cewa a bi ƙwayar da ruwa kamar mililita 6 a sirinji, ko ɗan abinci, ko a ba da na ruwa tun farko. Likitan da ya miƙa miki ƙwaya bai ce uffan kan wannan ba, a ganina ya gaza abin da ake tsammani daga ƙwararre. Amma ki duba ambulan ɗin maganin da takardar cikinsa da kyau. In an rubuta "a bi da ruwa" kika tsallake, to za a ɗora miki wani kaso na laifin, diyyar ta ragu ko ta faɗi gaba ɗaya.

Sai batun musabbabi, kuma nan irin wannan shari'a ta fi sukurkucewa. Ruwan ciki da ke tasowa yayin da aka sa dabba barci don tiyata shi ma yana jawo wannan tsukewar. In an yi mata aiki kusa da lokacin, da wannan lauyan likitan farko zai kare shi. Don haka ki roƙi likita na biyu ya rubuta abin da ya gani, da gurbin da tsukewar take, da abin da yake ganin ya jawo ta. Ki kuma nemi kwafin fayil ɗinta daga asibitin farko tun kafin ki ambaci ƙara.

Ba zan ɓoye miki ba, a yawancin ƙasashe doka tana lissafa dabba cikin dukiya ne. Abin da za ki iya samu shi ne kuɗin jinya da kika kashe, da ƙimarta in ta mutu. Ɓacin ranki da rashin barcinki da wuya kotu ta biya su. Sai dai jinyar ba ƙarama ba ce. Ana sa ta barci a buɗa wurin da wata 'yar balan-balan, sau da yawa sai an maimaita, wani lokacin har da robar ciyarwa. Kowane rasit ki adana shi.

Ni da wasiƙa zuwa ga likitan farko zan fara: kwanan wata, abin da ya faru, abin da kika kashe, da wa'adin amsa. Likitoci da dama suna da inshorar aiki, kuma sasantawa ta fi sauri. In ya yi biris, akwai kotun ƙananan ƙararraki inda ake da ita. Hukumar da ke ba likitocin dabbobi lasisi za ta iya ladabtar da shi, amma galibi ba ta yanke diyya. Shigar da ƙara yana da wa'adi da ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka ki tambayi lauyan da ke kusa da ke cikin wannan makon.