Ta ina za mu samo kuɗin sabunta rediyon jami'an agajin gaggawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina cikin kwamitin da aka ɗora wa duba kayan sadarwar 'yan kwana-kwana da motocin ɗaukar marasa lafiya na yankinmu. Wayoyin oba-oban da muke da su sun tsufa, akwai wuraren da magana ba ta kaiwa sam, ɗakin karɓar kira kuma har yau da biro da takarda ake aiki. Kowa ya yarda a sabunta, amma da an zo batun kuɗi sai wuri ya yi tsit. Ta ina ake farawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya saka da wannan hidima. Kafin ku nemi ko sisi, ku raba lissafinku gida biyu: kuɗin saye da kuɗin riƙo. Na farkon sau ɗaya ake biya, kuma ana iya samun sa ta tallafin gwamnatin sama ko bashin da za a biya a hankali. Na biyun shi ne yake kashe irin wannan aiki. Batirin oba-oba yakan mutu cikin shekara biyu ko uku. Turakun da ke ɗauke da eriya suna bukatar haya da gyara da wutar da ba ta yankewa. Ga lasisin zangon rediyon da za ku riƙa sadarwa a kansa, ga kuɗin manhajar ɗakin kira duk shekara, ga horar da ma'aikata. Mai ba da tallafi ba kasafai yake ɗaukar waɗannan ba. Shi ya sa za ka ga kaya masu tsada a ajiye cikin kwali, saboda babu wanda ya sa batir a kasafi.

Kuɗin riƙo yana son mafitar da ba ta ƙafewa. A Amurka, yawancin jihohi suna ɗora ɗan ƙaramin haraji a kan kowane layin waya duk wata domin tafiyar da lambar kiran gaggawa ta 911. Tsari ne mai kyau, sai dai hukumar sadarwar ƙasar ta sha bayar da rahoton cewa wasu jihohi suna karkatar da kuɗin zuwa wasu ayyuka. Don haka idan kuka sami irin wannan kafa, ku dage a rubuta a doka cewa asusunsa daban yake, kuma a riƙa bayyana wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita.

Sannan kada ku yi tafiyar ku kaɗai. Turke ɗaya zai iya ɗaukar 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da asibiti, har da maƙwabtanku, kowa ya biya rabonsa. Amfanin haɗin ya ma wuce rage tsada. Ranar 11 ga Satumba 2001, lokacin da aka kai hari da jiragen sama kan tagwayen benayen cibiyar kasuwanci ta duniya a birnin New York, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ba a kan tsarin rediyo ɗaya suke ba, gargaɗin da jiragen 'yan sanda suka bayar cewa benen da ya rage yana gab da rushewa bai isa ga masu kashe gobara da yawa ba. 'Yan kwana-kwana 343 suka rasu a ranar. Ba rediyo kaɗai ya jawo hakan ba, amma darasin ya yi nauyi har majalisar ƙasar ta kafa FirstNet a 2012, wato hukumar samar da tsarin sadarwa guda ga jami'an agajin gaggawa na ƙasar baki ɗaya, da dala biliyan 7 daga gwanjon zangunan sadarwa. Duk lokacin da na ga hukumomi biyu na gari ɗaya kowa yana sayen nasa, wannan rana nake tunawa.

Wajen saye, ku tsaya a kan tsarin da kamfanoni da yawa suke ƙera wa kaya, irin su P25 ko TETRA ko DMR. In kuka ɗauki na kamfani guda, gobe duk farashin da ya yanka muku shi za ku biya. Araha kuma ba ta ado a nan, domin rai ne a kan layi.

Wasu za su ce muku wayar salula ta wadatar. Tana taimakawa, amma ranar ambaliya ko babbar gobara layinta ke fara cunkushewa. Birtaniya ta fara shirin mayar da jami'anta na agajin gaggawa daga tsarin rediyonsu mai suna Airwave zuwa na layin salula a 2015, da niyyar gamawa a 2019, shekaru suka wuce tana biyan tsohon da sabon tare. Ku ma ku ware kuɗin watannin da za ku riƙe biyun, kada ku kashe tsohon sai sabon ya ci jarrabawa a fili.

Abin da za ku fara kashe wa kuɗi ƙarami ne: ku ɗauko masanin da ba ya sayar da kaya, ya zagaya yankin da na'urar awo, ya zana muku taswirar wuraren da magana ke yankewa. Wani lokaci ƙarin turke ɗaya da sababbin batura sun isa toshe mafi yawan giɓin. Da wannan taswira, tare da rajistar kiran da aka makara zuwa a bara, za ku shiga zaman kasafi.