Tambaya da Amsa: Luigi's Mansion 3 Ya Cancanci Kuɗinsa Kuwa?

Tambayoyin wannan makon sun taru a kan gem guda, wato Luigi's Mansion 3 na kamfanin Nintendo, wanda ya fito ranar 31 ga Oktoba, 2019 a kan na'urar Switch.

Assalamu alaikum. Yarana biyu, mai shekara 7 da mai 10, sun dame ni in saya musu wannan gem. An ce farautar fatalwa ake yi a ciki. Ba zai hana su barci ba? — Wata uwa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Mai shekara 10 ba shi da matsala, mai 7 kuma ki zauna kusa da shi a rabin awar farko ki ga yadda zai karɓe shi. Hukumar PEGI ta Turai ta ba gem ɗin lambar 7, ita kuma ESRB ta Amurka ta sa shi a rukunin E, wato na kowa da kowa. Babu jini a ciki, babu gawa ta gaske, babu batsa.

Labarin shi ne an gayyaci Luigi da ɗan'uwansa Mario da abokansu zuwa wani katafaren otal, ashe tarko ne. Aka kulle sauran a cikin hotunan bango, Luigi matsoraci ya rage shi kaɗai da tocila da injin zuƙe ƙura a goye. Fatalwoyin zane ne irin na katun, shuɗɗa da jajaye da rawaye. Za ki iske wata tana goge haƙora a banɗaki, wata ta ƙwama tabarau don kada hasken tocila ya kashe mata ido. Ba a kashe su, zuƙe su ake yi cikin injin.

Abin da ke iya razana ƙaramin yaro shi ne duhun ɗakuna, da aljihun tebur da zai buɗe kwatsam wani abu ya faso, da wurin da sarkin fatalwoyin, King Boo, yake bin Luigi a guje a farkon gem. In ya wuce wannan bai firgita ba, sauran ma zai iya. Akwai kuma abin da ya kamata ki sani tun kafin ki fitar da kuɗi: hawa na 10 an yi shi kamar kabarin fir'aunonin Masar da naɗaɗɗun gawawwaki na katun, hawa na 11 kuma na 'yan rufa-ido ne. In gidanku ba ku yarda yara su ga irin wannan ba ko da wasa ne, to hukuncin naku ne ke da maigida. Ki kalli bidiyon minti goma na gem ɗin a YouTube tukuna.

Gargaɗi ɗaya: kada wani mai shago ya haɗa ki da Phasmophobia da sunan ai shi ma farautar fatalwa ne. Wannan na manya ne, don tsoratarwa aka yi shi.

Su biyun za su iya bugawa tare, ko sai na sayi wani hannu? Kullum faɗan "ba ni, ba ni" suke yi. — Wani uba

Malam, nan ne gem ɗin ya fi cin kuɗinsa. Bayan kamar awa ɗaya da farawa, wani tsohon farfesa a cikin gem ɗin mai suna E. Gadd zai ba Luigi wani abokin aiki mai suna Gooigi, kwafinsa ne da aka yi da wani koren abu mai yauƙi kamar kuɓewa. Daga nan sai a shiga menu a kunna wasan mutum biyu, ɗaya ya riƙe Luigi, ɗaya ya riƙe Gooigi. Ka gaya musu wannan tun farko, don awar farkon ta mutum ɗaya ce, kada ƙaramin ya zaci an hana shi ne.

Ƙaramin shi za ka ba Gooigi. Ransa 25 ne kacal a kan 99 na Luigi, amma yana cika da kansa, kuma in ya mutu sai ya sake fitowa daga tankin da ke bayan Luigi ba tare da gem ya ƙare ba. Yana ratsa ƙarafan taga, yana bi ta bututu, ƙayoyin ƙarfe ba sa yi masa komai. Ruwa kuwa yana narkar da shi. Wurare da yawa ba sa buɗuwa sai su biyun sun ja abu tare, don haka dole babban ya nemi taimakon ƙaninsa.

Maganar hannu kuwa, in Switch ta talabijin ce gare ku, za a iya raba Joy-Con biyun, wato hannayen da ke cirewa daga jikin na'urar, kowa ya riƙe ɗaya a kwance. Yana aiki, amma kowane ɓari sandar analog ɗaya ce da shi, saitin tocila sai ya yi wuya, musamman in fatalwa ta zagayo ta baya. In da hali, ƙara hannu ɗaya cikakke ka ba wanda ke riƙe da Luigi. In kuma Switch Lite ce, ka dakata. Ba ta haɗuwa da talabijin, hannayenta ba sa cirewa, sai ka sayi wasu daban, sannan yara biyu su haɗa kai a kan allo mai inci 5.5. A Lite, ka ɗauke shi gem ɗin mutum ɗaya.

Ban da labarin, akwai ScreamPark, ƙananan gasa da har mutum 8 ke yi a na'ura guda in hannaye sun isa. ScareScraper kuma, wato wasan haɗa kai a kama fatalwa tare, in za a buga shi da mutanen waje ta intanet, sai an biya kuɗin Nintendo Switch Online. Yara masu wannan shekaru ba sa buƙatarsa.

Mun saya, amma ɗana ya kasa kama fatalwa, kullum suɓuce masa suke yi. Gem ɗin ne ke da wuya ko hannun ne ya lalace? — Wani mai karatu

Galibi yara suna tsallake matakin farko ne. Fatalwa ba ta zuƙuwa sai an haska ta. Ya danne A ya riƙe na ɗan lokaci, ya saki, hasken ya daskarar da ita har lambar ranta ta bayyana. Sai ya danne ZR ya fara zuƙa, yana jan sandar hagu zuwa kishiyar inda fatalwar ke gudu. Nan ne aka fi kuskure, yaro yakan bi ta maimakon ya ja baya. In da'irar da ke kan allo ta cika, ya danna A ya riƙa maka ta da ƙasa, kuma in ya maka ta kan wasu fatalwoyin su ma suna jin jiki. Mai tabarau ko mai garkuwa, a fara raba ta da abin nan. Jan ƙaton nan mai faɗin ƙirji kuwa ta baya ake kama shi, a wutsiya. In sun yi masa taron dangi, ZL da ZR a tare suna watsa su.

Akwai wata dabara da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Babban yatsan dama ba ya iya danna A kuma ya juya sandar dama a lokaci guda. To maɓallan sama suna yin aiki iri ɗaya: R yana haska tocila, L yana harba roba mai igiya da ke manne wa abu a ja shi, L da R tare suna kunna fitilar da ke tono ɓoyayyun abubuwa. Da ya saba da su, yatsan ya samu sararin saiti.

Ya kuma riƙa sayen ƙashin zinare a shagon farfesa da kuɗin da yake zuƙowa a cikin gem ɗin, ba kuɗin aljihunka ba. In ran Luigi ya ƙare yana da ƙashin, karen fatalwa da ke raka shi zai tashe shi a wurin. Zai buƙace shi a hawa na biyu na ƙarƙashin ƙasa, inda ake faɗa a kan ruwa cikin kwalekwalen roba mai siffar agwagwa. Tuƙin nan da iskar injin ake yi, kuma har manya yana ba su haushi. In ya maƙale a can, ka karɓa ka wuce masa.

Amma in ka ga Luigi yana tafiya alhali ba wanda ya taɓa sanda, to hannun ne. Ka shiga saitin na'ura, sashen hannaye, ka gwada daidaita sandar. In ɗigon bai tsaya a tsakiya ba, sai gyara ko canji.

Sabo zan saya ko na hannu? Kuma na 2 ko na 3? — Wani ɗan jami'a

Na 3. Luigi's Mansion 2 HD da ya fito a Switch a 2024 sabunta gem ɗin tsohuwar na'urar 3DS na 2013 ne, a yanka yake aiki-aiki ana ta dawo da kai wurin farfesa, kuma ba a buga labarinsa mutum biyu. Ba sai ka buga shi ba za ka gane na 3.

Farashin Nintendo dala 59.99 ne, kuma gem ɗinsu ba su cika karyewa ba ko sun tsufa. Otal ɗin hawa 17 ne, 15 a sama, 2 a ƙasa. Wanda ya iya zai gama labarin cikin awa 12 zuwa 15, yara kuwa sun fi haka, balle in suka shiga neman duwatsu masu daraja shida da aka ɓoye a kowane hawa. Aibinsa da ba za mu ɓoye ba shi ne wata kyanwar fatalwa da ke sace maɓallin lif da ake buƙata don zuwa sabon hawa har sau biyu, ta sa ka koma hawan da ka riga ka gama. Kuma in an kammala shi, ba lallai a sake waiwayarsa ba.

Wannan ya sa muka fi son kaset a kan saukewa ta intanet. Kaset kana iya sayarwa ko ka yi musaya, ga shi saukewar ta haura gigabait 6, a na'urar da ainihin ma'ajiyarta 32 ce. Na hannu ba shi da laifi, tunda a na'ura ake ajiye inda aka tsaya, ba a kan kaset ba. Ka duba layukan zinaren da ke bayansa kada su kasance a kankare, ka sa mai shago ya zura shi a Switch a gabanka, ka buga aƙalla minti biyar. Kaset ɗin Turai ko na Amurka duk suna aiki a kowace Switch, kuma harshen yana bin na na'urar, don haka 'yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi za su iya karanta shi da Faransanci. Babu Hausa, babu Larabci, yaron da bai iya karatu ba sai an karanta masa bayanan farfesa.

In aka yi maka tayin zuba gem ɗin da araha a Switch da aka fasa tsaronta, kada ka karɓa. Nintendo na toshe irin waɗannan na'urori daga intanet ɗinta, kuma ba kasafai ake buɗe su ba.