An sallame ni daga tuƙin tirela, ina mafita?

Ɗan'uwa, ka ce wata biyar kacal da fara ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas zuwa Arewa aka sallame ka. Allah ya musanya da mafi alheri.

Kafin ka miƙa makulli, a duba motar a gabanka: tayoyi, batir, jak, man da ya rage, a rubuta a sa hannu. Sababbin direbobi sukan yi zuciya su tafi, daga baya a ce taya ta ɓata, a zaftare albashinsu. Karɓi takardar sallama da lasisinka. A dokar ƙwadago, wanda ya wuce wata 3 a aiki amma bai kai shekara 2 ba yana da notis na mako ɗaya ko kuɗinsa, sai dai in babban laifi ya yi. In sun hana ka, nemi lauya ko ofishin Legal Aid, masu taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a.

Lasisinka na ajin G (na tuƙin tirela) da katin LASDRI (cibiyar horar da direbobi ta Jihar Legas), kada ka bari wa'adinsu ya ƙare. Don neman wani aikin, riƙa leƙa garejin Ijora da Mile 12 da sassafe. Ko direba na biyu aka ce, karɓa. Masu mota sun fi yarda da wanda tsohon direba ya tsaya masa. Wanda kuwa ya ce sai ka biya kafin ya samo maka mota, ɗan damfara ne.