Ƙaiƙayi koma kan masheƙiya: karin magana ne ko ganye?

Wata malamar lakwal ta rubuto daga Tawa: "Malam, ran Lahadi a kasuwa na ji mai magani yana tallar ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Ni dai a karin magana na san shi. Ko wasa yake da mutane?"

Malama, ba wasa ba ne, amma mu fara leƙa masussuka. Idan an gama sussukar hatsi, mace takan ɗaga ƙwarya sama tana tsiyayo shi cikin wata ƙwaryar a ƙasa. Tsaba tana da nauyi, sai ta sauka; ƙaiƙayi kuwa iska ta tafi da shi. Mai wannan aikin ita ce masheƙiya. To, ranar da iska ta juya ba sallama, abin da ta kora shi ne zai dawo mata a ka, a ido, har cikin zane. Ki lura, da ƙaiƙayin hatsi da na jiki kalma ɗaya ce, wanda kuma ya taɓa kwana da na gero a wuyan riga ba zai tambayi dalili ba. Daga nan Bahaushe ya samo zancen: mugun nufi ya koma wa mai shi.

Ganyen kuma yana nan. Ɗan haki ne da ke fitowa da damina a jigawa da tsofaffin gonaki, jikinsa duk gashi, 'ya'yansa ƙananan kwanso masu gashi suna rataye, kai a ƙasa. Masana tsirrai suna ce masa Indigofera astragalina, dangin baba ne na marina. Masu magani sukan ba da shi a jiƙa a sha, ko a yi wanka, ko hayaƙi, galibi don tsarin sammu, wai a mayar wa mai jifa kayansa.

A ganina, rabin kasuwar wannan haki sunansa ne ya ci masa. Haka muke yi wa tsirrai: nonon kurciya, don yana fitar da farin ruwa in an karya shi, sai aka ce a ba mai jego. Shi ma wannan, mai jin tsoron maƙiyi yana jin sunan sai hankalinsa ya kwanta tun bai ɗora tukunya ba. Zazzaɓi dai ba ya jin karin magana, shi kam a kai shi likita.

In kin koma kasuwa, ki ce wa mai maganin ya nuna miki hakin da kwansonsa. Da zarar an daka, kowane ganye gari ne.